An Haska Ciwon Inna a Sinima

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga wadda ta goya shi, da fatan gwiwar nan taki ta daina yi miki gardama a matakalar asibiti. Ki gaishe min da Baban yara, ki ce ya rage gishiri ko don hawan jininsa. Ni lafiyata ƙalau. Ki sake karanta layin nan, Yaya: lafiyata ƙalau, kuma dama ƙalau take tun farko.

Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Wata goma sha huɗun nan da na yi ina mantuwa, ina fita da takalmi wari ɗaya, jaridu suna ta buga cewa tauraro ya ruɗe, duk aiki ne. Fim muka yi, irin wanda ake shiryawa kamar gaskiya, kyamara tana bin mutum a gida da kan titi ba tare da mutane sun san wasa ne ba. Mu huɗu kaɗai muka sani: ni, da masu ɗauka biyu, da darakta, wanda muke ce wa Mai Gilashi. Sharaɗinsa shi ne kada in sauke abin ko ni kaɗai ne a banɗaki, kuma kada in gaya wa kowa, har ke. Ya ce ranar da mutum ɗaya ya sani, fuskata za ta tona ni. Shi ya sa na ajiye waya, har kika koma rubuto min wasiƙa kamar lokacin da nake makarantar kwana. Yau kuma na rasa bakin da zan faɗa miki a waya, shi ne na ɗauko biro.

Ranar Asabar aka fara haska shi. Ina ma kina wurin. Zauren ya cika har ana zama a kan matakala. Rabin farko ko tari ba wanda ya yi, wata mata a gabana sai share hanci take da gefen mayafi. A tsakiyar fim ɗin ne aka nuno ni na juyo na kashe wa kyamara ido, a nan suka gane. Sai wani daga can baya ya ce, "Kai, ɗan banzan nan ya raina mana hankali." Zauren ya ɓarke da dariya. Daga nan duk abin da ya sa su kuka ɗazu sai ya koma abin dariya. Wani ɗan jarida da ya taɓa cika shafi guda yana min ta'aziyya da raina ya tashi ya fice, har ya manta jakarsa a ƙarƙashin kujera. Mai Gilashi ya ce abin da muke son nunawa ke nan, cewa mutane sun fi son tauraro idan yana faɗuwa.

Kina ciki fa. Zuwan da kika yi, da wasiƙunki biyu. Wallahi kin fi ni iyawa, kowa tambayata yake wace ce matar nan. Na san za ki yi fushin kwana biyu, ki kira ni mai kunnen ƙashi kamar da, sannan ki huce. Ga tikiti biyu na sa a ciki, wata mai zuwa zai iso sinimar da ke kusa da wurin aikinki.

Bari in ba ki dariya. Jiya na gama neman makullina a duk gidan, ashe yana cikin firij. Jiki ya saba, sai a hankali zai saki.

Naki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta same ni mako shida da suka wuce. Gwiwa tana nan yadda ka san ta, Baban yara da sauƙi, yara suna lafiya. Da na karanta layin lafiyarka, a ɗakin wanki na asibiti nake, na yi wa Allah sujada a tsakanin inji na biyu da na uku, abokan aiki suna kallona. Sai da na ɗago ne sauran maganar ta shiga kaina.

Ban yi niyyar zuwa kallon ba. Mai Guga, ƙawata da muke aiki a layi ɗaya shekara tara, ita ta ga tikitin a aljihun rigar aikina ta ce ba za a yi asararsa ba. Ba ta san kai ƙanina ne ba. Ba wanda ya sani a wurin aiki, domin ban taɓa neman girma da sunanka ba. Muka je na ƙarfe huɗu bayan an tashi.

Aka nuno ni ina hawa benenka da jaka biyu, ina tsayawa a kowane hawa ina dafa gwiwa. Har kiɗa suka sa wa tafiyar tawa. Kwana biyu na yi a mota kafin in iso matakalar nan, wannan ba a nuna ba. Ka buɗe ƙofa ka dube ni ka ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Zauren ya kwashe da dariya, tunda su sun riga sun ga ka kashe ido, ni ce kaɗai ban gani ba. Sun yi dariya da na buɗe littafin hotuna ina nuna maka Inna. Sun yi dariya da na durƙusa ina gyara maka maɓallan rigar da ka ɓalla a karkace. Da na shiga kicin na toshe bakina da tawul don kada ka ji kukana, ashe akwai kyamara a saman firij. A nan dai dariyar ta ragu, ba zan ɓoye maka ba. Wani mutum a gefenmu ya ce, "A'a, wannan kam bai dace ba." Matarsa ta ce, "Kai dai yi shiru, ai shiri ne, da ita aka haɗa." Wata a bayana ta ce, "Tsohuwar nan ta fi shi iya wasa." Mai Guga ta dube ni, ta dubi allon, ta ajiye guggurunta a ƙasa, ta riƙe hannuna har aka kunna fitilu. Ba ta ce komai ba, kuma har yau ba ta ce ba.

Dariyar zan iya haɗiye ta. Ga abin da ya tsaya min a wuya. Ka tuna wata biyu kafin ka fara wannan ciwon naka, ka kira ni ranar Lahadi ka ce in ba ka labarin yadda na Inna ya fara? Awa uku muka yi a waya. Na yi murna, har na ce wa Baban yara Auta ya girma, yau yana tambayar uwarsa. Shekara shida na yi ina jinyarta, sau uku ka leƙo, kullum kana wurin ɗaukar fim. Ranar na kwashe komai na ba ka. Yadda take ninke hankici gida huɗu ta warware ta sake ninkewa. Takalmin da ta ajiye a firij. Yadda take buga cokali a bakin kofi sau uku kafin ta sha shayi, da murmushin da take yi idan kalma ta ɓace mata don kada a gane. Duk na gan su a allo ɗaya bayan ɗaya, ko murmushin ba ka bar mata ba. Ashe ina magana kana rubutawa.

Shi ya sa na yarda, Auta. Da ka buɗe ƙofar nan Inna na gani ta dawo a jikin ɗanta. Na ce shi ke nan, a jini yake, ni ma ina kan layi. Shekara guda na yi ina gwada kaina da sunayen yarana a hanyar zuwa aiki.

Na tsane ka a zauren nan, kuma da ban san zan iya ba. Kada ka kira ni, ba zan ɗauka ba.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da gwiwa, da Baban yara, da yara duka. Wannan ce ta uku da na rubuta tun bayan taki. Biyun farko ban sani ba ko ba su iso ba ne, ko ni ne ban kai su gidan waya ba. Wata uku ke nan.

Duk abin da kika faɗa haka ne. Ina rubutawa ranar Lahadin nan, littafin ma yana nan. Na gaya wa kaina girmama Inna nake yi, zan nuna wa duniya abin da ta sha. Ƙarya nake yi wa kaina, so nake a ce na iya. Wurin da Mai Gilashi ya sa zuwanki a fim, bayan kashe idon, na gani kafin a haska, na yi shiru saboda ya ce a nan ne zai fi tashi. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi.

Amma ba don wannan kaɗai na rubuto ba, kuma na san yadda zai faɗa a kunnenki. Bari in fara gaya miki yadda na yi aikin. Na koya wa kaina kada in waiwaya idan an kira sunana. Na cire agogo da kalanda daga gidan. Kowace safiya masu ɗauka suna sauya wa kayan kicin wuri don neman da zan yi ya zama na gaske. Idan kalma ta zo bakina sai in riƙe ta in ƙirga biyar kafin in sake ta. Wata goma sha huɗu ina haka. Yanzu wata takwas da gama ɗauka, ba wanda yake taɓa min kaya, kuma neman bai ƙare ba.

Ranar Talata na tsaya a kicin da butar shayi a hannu. Na san tawa ce, na san kullum ina amfani da ita, amma na rasa me ake yi da ita. Na daɗe a tsaye kafin abin ya dawo. Makon jiya kuma aka gayyace ni wata jami'a bayan an haska fim ɗin. Wata ɗaliba ta tambaye ni daga ina na koyi wannan ciwon. Na buɗe baki in ba ta amsa, kalmar ta ɓace, wannan karon ba ni na riƙe ta ba. Sai na ji fuskata tana murmushi. Na ji shi a kumatuna, Yaya, kuma ba ni na sa shi ba. Zauren ya miƙe yana tafi. Wani malami ya ce wa ɗalibansa su buɗe ido su ga yadda gwani yake shiga aiki cikin ƙiftawa.

Na je wurin likita. Na farko dariya ya yi har da riƙe ciki, ya kira ma'aikatansa aka ɗauki hoto da ni. Ta biyu mace ce, ba ta kallon fim, amma nas ɗinta ta ba ta labari kafin in shiga. Ta sa ni zana agogo, ta ba ni kalmomi biyar in riƙe, biyu na dawo da su. Ta ajiye biro ta ce, "Malam, ka yi fiye da shekara kana koyon yadda ake faɗuwa wannan gwajin. Ta yaya zan gane yau kasawa ka yi ko ƙi ka yi?" An ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, ta ce a wannan matakin bai isa ya raba gardama ba. Akwai maganin da yake rage wa ciwon gudu idan an fara da wuri, amma ba za ta ba mai lafiya ba. Tana son wani na jini wanda ya san ni tun ina yaro, wanda kuma ya ga na Inna, ya zauna da ita ya cika mata fom. Kin san mu biyu muka rage.

Tsoro nake ji. Shekarata arba'in da huɗu, Inna tana da hamsin da takwas nata ya fara. Ki zo ko na yini ɗaya ne. Na daina tuƙi, amma Mai Gilashi ya ce zai kai mu asibitin da motarsa.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Salam. Muna lafiya. Gwiwa ta samu sabon magani, Baban yara yana gaishe ka, ni ce dai ban so isar da gaisuwar ba.

Na karanta wasiƙarka a tsaye, har na fara lissafin kwanakin hutun da suka rage min. Sai na iso layin ƙarshe. Mai Gilashi zai kai mu da motarsa. A ina zai sa kyamarar wannan karon, a jikin madubi ko a rufin motar? Shekaranjiya na ji shi da kunnena a rediyon ɗakin wanki yana cewa jama'a sun matsa masa a yi kashi na biyu.

Rubutun ya yi kyau, musamman wurin murmushin. Kai ka tsara ko shi ya gyara maka?

Ka san yanzu an san ni? Ina tura keken zannuwan gado zan shiga lif, wani ɗan dubiya ya leƙa fuskata ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Duk lif ɗin aka yi dariya, har da mara lafiyar da ke kan keken guragu. Shekara goma sha tara ina aiki a wurin nan ba wanda ya san fuskata, kuma haka na fi so.

Na ba ku hawayena sau ɗaya ba da sanina ba. Na biyu kam sai ku nemi 'yar wasa.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Yaya gwiwa? Yaya Baban yara da yara? Ni da sauƙi wasu ranaku.

Kin yi gaskiya rabi. Ranar da na gaya wa Mai Gilashi mota kawai nake so, ya ce to. Washegari ya zo da mai ɗauka guda da ƙaramar kyamara. Na ce ba wasa nake ba. Ya cire gilashin ya goge, ya dube ni ya ce, "Kai gwani ne wallahi. Har ni za ka yi wa?" Na kore su. Yana sauka matakala yana dariya, yana cewa in na gama shirin in kira shi. Da na san haka za ki ɗauki layin nan da ban rubuta shi ba. Ba zai zo ba, ba zai ƙara shiga gidana ba.

An ba ni lambar yabo. Tana kan tebur, nauyi gare ta. Ban je karɓa ba, aka ce rashin zuwan ma yana cikin salon.

Ranar da ta wuce, ban san wace ba, na fita sayen burodi da hantsi. Shagon yana ƙarshen layinmu. Na fito na rasa hagu ne ko dama. Na tambayi wani mai gyaran takalmi ko ya san inda gidana yake. Ya tuntsire da dariya ya kira maƙwabcinsa. Kafin in ankara mutane sun kewaye ni, kowa ya ɗaga waya. Suna cewa, "Yi mana ta hankicin. Yi mana wa kike nema." Wata dattijuwa ta ce musu, "Ku bar shi, idonsa ba na mai wasa ba ne." Ɗanta ya ce, "Mama, haka ya yi wa duniya gaba ɗaya, har da yayarsa." Ta dube ni ta yi tsaki ta wuce. Na tsayar da tasi, direban ya ce shi ba za a sa motarsa a fim ba tare da an tambaye shi ba. Maigadin gidanmu ne ya hango taron ya zo ya ja hannuna. Gida huɗu ne tsakanina da ƙofata.

Yanzu ya rubuta min adireshi a kati ya saƙala min da zare a cikin riga. Shi kaɗai ne bai ga fim ɗin ba, ya ce sinima tana sa masa ciwon kai. Ina roƙon Allah kada wani ya nuna masa a waya.

Yaya gwiwa? Kin ce an samu sabon magani.

Likitar ta ce kowane wata da ya wuce ba ya dawowa. Na sa fom ɗin a cikin ambulan nan, da adireshin asibitin. Ba yafiya nake nema ba, na san ban kai nan ba. Ko ba ki son ganina ki je wurinta ke kaɗai, ba sai na sani ba. Da ina da wata yayar da ban dame ki ba.

Ki gaishe da Inna.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ka a ranar da kake da sauƙi. Mu nan lafiya, gwiwa dai ta kumbura saboda tafiya. Na rubuta a bayan ambulan ina roƙon maigadi ya karanta maka ita sau biyu, sannan ya manna ta a ƙofar firij.

Ka ce in gaishe da Inna. Shekara bakwai ke nan da rasuwarta, kai ka riƙe kan makarar. Na zauna a bakin gado da takardar a hannu. Sannan na tuna a fim ma ka rubuta haka, an nuna hannunka kana rubutawa, mutane suna cewa wayyo. Ka ga inda ka ajiye ni. Wata guda na yi ina juya ambulan ɗin, in sa shi a jaka da safe in fitar da shi da yamma.

Na zo, Auta. Ranar Laraba na iso ban gaya wa kowa ba. Akwai shagon shayi a tsallaken titi daura da ƙofarku, mai kujerun roba shuɗi. A nan na zauna tun ƙarfe tara, na ja mayafi na rufe rabin fuska. Wajen goma da rabi ka fito. Ka rame, rigar ta yi maka yawa a kafaɗa. Ka tsaya a bakin ƙofa ka dubi hagu ka dubi dama, ka ciro hankici ka fara ninkewa. 'Yan mata biyu suka tsaya suka ɗauki hoto da kai, ɗaya har da dafa kafaɗarka, kana ta yi musu murmushin nan. Mai shayin ya ce min, "Hajiya, kullum haka yake, kyauta muke kallo. Ni dai na ce ko dai gaske ne, matata ta ce ni ne wawan da ya rage a unguwa."

Sai ka ɗago ka dubi inda nake. Kai tsaye ka dube ni. Ka san me na yi? Na ɗaga kai na hau duba tagogin benen da ke bayana, ɗaya bayan ɗaya, ina neman inda suka ɓoye kyamarar. Ƙanina yana tsaye a titi bai san hanyarsa ba, ni kuma ina binciken labule. Kafin in sauke kai maigadi ya shigar da kai ciki. Na zauna har azahar, shayin ya huce a gabana, ƙafata ta ƙi tsallaka titin nan. Kunyar wannan ba za ta bar ni ba har in mutu, kuma duk da haka ina ganin ba laifina ba ne ni kaɗai.

Daga nan na wuce wurin likitar. Mace ce mai haƙuri, ta ba ni kujera da biro. Tambayoyin Inna duk na amsa, shafi biyu, ban tsaya tunani ba. Sai na zo kan wadda ta ce, yaushe kika fara lura ya canza? Na tsaya. In na rubuta ranar da ka buɗe min ƙofa, fim ne. In na rubuta bayan nan, ban gan ka ba. Ta ce ko kintace ne in sa. Na ce mata, "Likita, shekara arba'in da huɗu na san yaron nan, ni na yaye shi daga bayan uwarmu, amma ya goge min wurin da zan tsaya in auna." Na rubuta ban sani ba, na sa hannu.

Na tambaye ta ita ta yarda? Ta ce ta fi karkata ga ciwo ne, amma ba za ta rantse ba. Za ta fara ba ka maganin idan akwai wanda zai zauna da kai, ya ba ka a kan lokaci, ya riƙa rubuta mata abin da ya gani kowace rana. Ta kuma gaya min abin da na riga na sani, cewa maganin jinkiri kawai yake kawowa. Na ce ba sai ta bayyana min hanyar ba, na bi ta da ƙafata.

A mota ina dawowa na yi ta neman abu ɗaya da Inna take yi wanda ban gaya maka ba, in riƙe shi a ciki in zuba ido, ranar da ka yi shi in san gaske ne. Kwana biyu ina nema. Babu. Ranar Lahadin nan ban rage komai ba, don murnar ka tambaya.

Na miƙa takardar barin aiki jiya. Mai Guga ta taya ni kwashe kayana daga lokar da nake ajiye su a wurin aiki, a nan ne ta yi maganarta ta farko, ta ce, "Ko ma wanne ne, ke ce za ki sha." Baban yara ya tambaye ni, "In kuma ya sake yi miki fa?" Na ce to ya sake. Ranar Asabar zan iso da jaka biyu. Ka bar maigadi ya buɗe min, kada ka zo ƙofar da kanka.

Zan yi maka duk abin da na yi wa Inna. Zan yi maka wanka in ta kai ga haka, in ba ka abinci a baki, in ɓoye wuƙaƙe da ashana, in amsa tambaya ɗaya sau talatin ba tare da na ɗaga murya ba. Amma ka sani, duk sanda na durƙusa zan ɓalla maka maɓalli, rabin kunnena yana jiran wani ya fito daga bayan labule yana tafi. Na yi ƙoƙarin in kashe wannan, ya ƙi mutuwa. Inna ta samu mai jinyar da ta yarda da ita, kai ba za ka samu ba.

Saura roƙo ɗaya. In ciwo ne, Allah ya sassauta mana. In kuma wasa ne, Auta, don girman Allah kada ka gaya min. Kada ka rubuto, kada ka kashe ido, kada ka bari in kama ka. Ka riƙe shi da kyau har ɗayanmu ya mutu.

Yayarka